Gagara-Rabo

Hausawa sun auna hanyoyin sani, suka fifita ido a kan kunne, suka ce gani ya kori ji. Karin magana ne da ya daɗe yana yi wa kasuwa da kotu aiki, domin ba a cinikin biri a sama, kuma alƙali ya fi karkata ga wanda ya ce "na gani" a kan wanda ya ce "an ce". Sai dai ni a ganina awon bai cika ba. Akwai sani na uku wanda ba ya shiga ta ido ko ta kunne, ga shi kuma ya fi su duka kafuwa, shi ne sanin da hujja take haifarwa. Abin da ya zaunar da wannan ra'ayi a zuciyata wata lamba ce da aka gano a watan Oktoba na 2024, wadda ban taɓa ganin tsawonta gaba ɗaya ba, ba na kuma zaton akwai mutum guda da ya karanta ta daga kai har wutsiya, amma na fi sakankancewa da halinta fiye da yadda na sakankance da halin mutane da yawa da nake gaisawa da su kullum.

Kafin mu je gare ta, sai mun san danginta. Idan mutum yana da goro 12, zai iya kasa shi daidai tsakanin mutum biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida, babu wanda zai yi ƙorafi. Idan aka ƙara masa ƙwaya ɗaya goron ya zama 13, zaman lafiya ya ƙare: ko dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a tara mutum 13 kowa ya ɗauki ɗaiɗai, in ba haka ba dole a sami saura. Duk lambar da ta wuce 1, wadda babu mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta, ita ce masana lissafi ke kira firam. Ni na fi son in kira ta gagara-rabo. Jerinsu ya fara da 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, kuma kowace lamba da ba ta cikinsu, da su aka gina ta, kamar yadda 60 take 2 sau 2 sau 3 sau 5, ba ta da wani gini face wannan.

Wanda ya taɓa zama gaban malamin rabon gado ya ci karo da su ko da ba a faɗa masa sunansu ba. A ce mace ta rasu ta bar miji da uwa da 'ya'ya mata biyu. Miji yana da rubu'i, uwa sudusi, 'ya'yan kuwa sulusi biyu. Idan aka kasa dukiyar kashi 12, miji zai nemi 3, uwa 2, 'ya'ya 8, jimla 13, haƙƙoƙi sun fi abin rabawa. Sai a yi abin da malamai ke kira auli, a mayar da asalin rabon 13, kowa ya ɗan ragu gwargwadon kasonsa. Lambar 12 mai sauƙin kai ce, tana da rabi da sulusi da rubu'i da sudusi. 13 kuwa ba ta da ko ɗaya. Shi ya sa masana hisabi na Larabawa suka kira irin su 11 da 13 da 17 da sunan asammu, wato kurma, domin duk kiran da aka yi musu daga rabi har zuwa ushiri ba sa amsawa. Ibn al-Banna na birnin Marakish, wanda ya rasu a 1321, ya bayyana yadda ake tankaɗe su da wata dabara mai suna rariya, wadda ta samo asali daga Girkawa: a jera lambobi, a soke duk mai rabuwa da 2, sannan mai rabuwa da 3, sannan 5, abin da ya ƙi faɗawa shi ne kurman.

Rariya tana aiki a kan ƙananan lambobi. Wadda nake magana a kanta ta fi ƙarfin kowace rariya. Ga yadda ake samunta: a fara da 1, a ninka ta biyu ta zama 2, a sake ninkawa ta zama 4, sai 8, sai 16, a yi ta yi har ninki 136,279,841, sannan a ɗebe 1. Idan aka rubuta abin da ya fito da haruffan lissafi na yau da kullum, zai ci harafi 41,024,320. Mai karanta harafi ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ya shafe kimanin kwana 475 kafin ya kai ƙarshe. Mai buga ta a takarda, harafi 3,000 a kowane shafi, zai buƙaci shafi sama da 13,600. Wanda ya gano ta wani Ba'amurke ne mai suna Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA, yana aiki ƙarƙashin GIMPS, haɗakar 'yan sa-kai da George Woltman ya kafa a 1996 don farautar irin waɗannan lambobi. Ranar da aka same ta, ta kawar da wadda ta riƙe kambun girma tun Disambar 2018, mai harafi 24,862,048.

Abin da ya fi girmanta ba ni mamaki shi ne yawan abin da mai fensiri da 'yar takarda zai iya sani game da ita ba tare da ya gan ta ba. Na zauna na gwada. Harafin ƙarshe na ninkin biyu yana zagayawa ne kamar ranakun kasuwa: 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, wato 2, 4, 8, 6, sai a koma farko. Zagayen huɗu-huɗu ne. Idan aka raba 136,279,841 da 4, saura 1 ne, saboda haka ninkin ya tsaya a kan matakin farko na zagaye, ya ƙare da 2. A ɗebe 1, ya ƙare da 1. Na san wutsiyar lambar ke nan, alhali tsakanina da ita akwai harafi sama da miliyan 41. Haka nan na san idan aka raba ta da 4 za a sami saura 3, domin 1 kaɗai ya rage mata ta cika ninkin da 4 ke rabawa. Wannan ya sa ta a ɗaya daga cikin manyan ɓangarori biyu na gagara-rabo. Masu barin saura 1, kamar 5 da 13 da 29, kowaccensu jimlar murabba'i biyu ce: 13 ita ce 4 da 9, 29 ita ce 4 da 25. Masu barin saura 3, kamar 7 da 31 da wannan ƙatuwa, har abada ba za su rubutu haka ba. Babu buƙatar a gwada. Ƙofar a rufe take da hujja.

Lambobi ma suna da zuri'a da asali, kuma masana sun kasa gagara-rabo gida-gida. Akwai tagwaye, waɗanda 2 kaɗai ke tsakaninsu, irin 11 da 13, ko 29 da 31. Har yau ba a tabbatar ko suna ƙarewa ko ba sa ƙarewa ba, ko da yake a 2013 Yitang Zhang ya nuna cewa gagara-rabo masu tazarar da ba ta kai miliyan 70 ba ba su da iyaka, wasu kuma suka matse tazarar zuwa 246. Lambarmu ba ta da abokiyar tagwaitaka ta sama, domin duk 'yar gidansu da ta wuce 3, idan aka ƙara mata 2 sai 3 ya raba ta: 7 ta koma 9, 31 ta koma 33, 127 ta koma 129. Akwai gidan Sophie Germain, Bafaranshiyar da ta riƙa sa hannu da sunan namiji a wasiƙunta don a saurari lissafinta. 'Yan gidanta su ne waɗanda in an ninka su biyu aka ƙara 1 sai a sake samun gagara-rabo, kamar 11 da ke haifar 23. Lambarmu kuwa 'yar gidan Marin Mersenne ce, wani malamin coci na Faransa da ya rayu daga 1588 zuwa 1648. Duk gagara-rabon da ake samu ta ninka biyu a ɗebe ɗaya, sunansa take amsawa: 3, 7, 31, 127, 8191. Wadda Durant ya gano ita ce ta 52 da aka sani a gidan.

Shiga wannan gida yana da sharaɗi. Dole adadin ninkin shi kansa ya zama gagara-rabo. Ninki 4 yana ba da 15, ninki 9 yana ba da 511, wadda take 7 sau 73. Amma cika sharaɗin ba ya wadatarwa. Ninki 11 yana ba da 2047, mai kama da ta ƙwarai, sai ga shi 23 sau 89 ce. A lura da 23 ɗin nan: ita ce 'yar da 11 ta haifa a gidan Germain, ta dawo ta rushe ginin uwarta a gidan Mersenne. Haka 47, 'yar 23, take raba abin da ninki 23 ya bayar. Gidajen ba su rasa jiɓi da juna ba. Gidan Mersenne kuma yana da surukuta da wasu lambobi da tun zamanin Girkawa ake kira kammalallu, waɗanda jimlar masu raba su take dawo da su daidai, kamar 6 da take 1 da 2 da 3, ko 28 da take 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Yuklid, wanda littattafan Larabci ke kira Uƙlidis, ya nuna kowace gagara-rabo ta wannan siffa tana haifar kammalalliya ɗaya. Bayan kusan shekara dubu biyu Leonhard Euler ya nuna cewa duk kammalalliyar da take cika, ba mara ba, ta wannan hanya ta fito. Saboda haka ranar da aka sami ƙatuwarmu an sami sabuwar kammalalliya tare da ita, mai harafi sama da miliyan 82, ba tare da an ƙara wahalar komai ba.

Tarihin waɗannan gidaje cike yake da manya da suka faɗi magana ta ƙi tsayawa, kuma a nan ne darasin ya fi shiga jikina. Pierre de Fermat, wanda babu mai jayayya da kaifin basirarsa, ya duba 3, 5, 17, 257 da 65537, 'yan wani jeri da yanzu ke ɗauke da sunansa, ya ga duka gagara-rabo ne, ya yi zaton haka jerin zai ci gaba. A 1732 Euler ya ɗauko ta gaba, 4,294,967,297, ya nuna 641 sau 6,700,417 ce. Daga ranar zuwa yau ba a ƙara samun gagara-rabo ko ɗaya a jerin ba. Shaida biyar a jere, daga bakin gwani, ba su hana ta shida ƙaryata su ba. Mersenne shi ma a 1644 ya wallafa jerin adadin ninkin da ya ce suna ba da gagara-rabo har zuwa 257. Ya sa 67 da 257 waɗanda ba su cancanta ba, ya tsallake 61 da 89 da 107 waɗanda suka cancanta. A 1903, a wani taron masana lissafi na Amurka, Frank Nelson Cole ya fito da masu raba lambar ninki 67: 193,707,721 da 761,838,257,287. Ana ba da labarin cewa ya je allo ya yi lissafin ɓangarorin biyu, suka yi daidai, ya koma kujerarsa bai ce uffan ba. Ko labarin ya sha gishiri ko bai sha ba, lambobin suna nan, duk mai haƙuri zai iya ninka su yau ya gani. Girman Mersenne bai kare jerinsa ba, kuma gyaran da aka yi masa bai rage masa daraja ba, tunda gidan har gobe sunansa yake amsawa.

Akwai abin da ya fi kuskuren manya haɗari, shi ne lambar da ke yin shigar burtu. Fermat ya gano wata alama da kowace gagara-rabo take ɗauke da ita: a ninka 1 biyu-biyu sau adadin lambar, a ɗebe 2, lambar za ta raba abin da ya fito. Ga 5, ninki biyar ya ba da 32, a ɗebe 2 saura 30, 5 ta raba. Ga 7, 128 ya koma 126, 7 ta raba. Wadda ta faɗi wannan gwaji an gama da ita, tabbas tana rabuwa. Wadda ta ci kuwa da sauran magana, domin 341 tana ci, alhali 11 sau 31 ce. Za a iya canza 2 da wata lamba a sake gwadawa, a kama 341, amma 561, wadda take 3 sau 11 sau 17, tana tsallake gwajin da kowace lamba aka yi shi. Kama da wane ba ta wane. A cikin manyan lambobi masu shigar burtu ba su da yawa ko kaɗan, har ta kai in ƙatuwa ta ci gwajin, mai caca zai iya sa gidansa a kanta. Duk da haka masana ba su yarda su kira ta gagara-rabo ba. Sunan da suke ba ta yana nufin wadda ake kyautata wa zato.

Gidan Mersenne ya yi sa'ar samun gwajin da ba ya barin ƙofar shakka. Édouard Lucas ne ya aza harsashinsa, har ya yi amfani da dabararsa a 1876 ya tabbatar da lambar ninki 127, mai harafi 39, da hannu, babu na'ura. Ta riƙe kambu shekara 75. Derrick Lehmer ya kammala dabarar a shekarun 1930. Sauƙinta abin mamaki ne. A ɗauki 31, mai ninki 5. A fara da 4, a ninka ta da kanta a ɗebe 2, a sami 14. A maimaita a sami 194, a raba da 31 a riƙe saura, wato 8. A maimaita a sami 62, wadda 31 ke rabawa ba saura. Taki uku, wato adadin ninki a ɗebe 2, an sauka a kan sifiri, 31 ta tabbata. A yi wa 2047 haka, bayan taki tara za a sauka a kan 1736, asirinta ya tonu. Wannan gwajin, ba wani ba, shi aka yi wa ƙatuwarmu, sai dai takinsa ya haura miliyan 136, kuma a kowane taki lamba mai miliyoyin haruffa ake ninkawa da kanta.

Ranar 11 ga Oktoba, 2024, wata na'ura a birnin Dublin na ƙasar Ailan ta ba da rahoton cewa lambar ta ci gwajin Fermat. Yiwuwar a ce shigar burtu ce ta yi ƙanƙantar da hankali ba ya iya riƙewa. Amma ranar da aka rubuta a matsayin ranar ganowa ita ce 12 ga wata, lokacin da wata na'urar a San Antonio ta jihar Tekzas ta kammala gwajin Lucas da Lehmer ta sauka a kan sifiri. Bayan haka ma sai da aka maimaita da manhajoji daban-daban a kan na'urori daban-daban, kafin a yi shela ranar 21 ga wata. Wannan tazarar kwana ɗaya, tsakanin "kusan tabbas" da "tabbas", ita ce abin da na fi daraja a labarin duka. Mutanen da suka fi kowa ƙaguwa su yi shela, su ne suka ƙi karɓar zaton da ya yi daidai da burinsu.

Na san za a tambaye ni amfaninta, kuma tambaya ce ta gaskiya a ƙasar da mutane ke lissafin abin da za a ɗora a murhu. Gagara-rabo masu ɗaruruwan haruffa suna tsaron saƙonni da hada-hadar kuɗi a intanet, ta hanyar dabarar RSA da aka fitar a 1977, wadda ta dogara a kan cewa ninka manyan gagara-rabo biyu abu ne mai sauƙi, warware su bayan an ninka kuwa jan aiki ne. Ƙatuwarmu ba ta shiga wannan aiki. Ta yi girma da yawa, kuma abin da duniya ta sani ba ya zama makulli. Amfaninta a wurina tarbiyya ce. Muna zaune a zamanin da magana ke zagaye gari kafin mai ita ya rufe baki, ana karɓar ta don wane ne ya faɗa, ko don an ga hoto, ko don ta zo sau biyar a jere. Irin wannan karɓa ta sha raba aure, ta ɓata sunan mai mutunci, ta tayar da unguwa tsaye. Fermat ya fi duk wani wane da muke dogaro da shi, ya kuma sami shaida biyar, bai tsira ba. Tun da na san labarin 341, duk lokacin da magana ta zo mini da alamun gaskiya a jikinta, nakan tambayi kaina wane gwaji ta ci, na zato ko na tabbaci. Kuma na lura hujjar lissafi ba ta da fada ba ta da dogari: ɗalibin sakandare a kowane ƙauye, in ya bi taki uku na 31, ya san abin da Lucas ya sani game da ita, da irin ƙarfin da Lucas ya san shi.

Hujja mafi tsufa a wannan fage ita ce kuma take sauke wa ƙatuwar girman kai. Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, a birnin Iskandariya na Masar, Yuklid ya nuna cewa gagara-rabo ba su ƙarewa. A tara duk waɗanda aka sani, a ninka su da juna, a ƙara 1. Babu ɗaya cikinsu da za ta raba sabuwar lambar, domin kowacce za ta bar saura 1. To ko dai sabuwar gagara-rabo ce, ko kuwa wata gagara-rabo da ba ta cikin tarin tana raba ta. A gwada da 2, 3, 5, 7, 11 da 13: za a sami 30031, wadda take 59 sau 509, baƙi biyu da ba a gayyata ba. Ma'anar wannan ita ce, lambar da ke cin kwana 475 ana karanta ta tana bakin ƙofa ne kawai. Waɗanda suka fi ta ba su ƙirguwa, waɗanda ta fi kuwa suna da iyaka. Ko gidan Mersenne shi ma ba ya ƙarewa, wannan tambaya ce da har yanzu take jiran mai hujja. Masana da dama suna kyautata zaton haka ne, kuma a littattafansu sun rubuta shi a babin zato, za su bar shi a can har ranar da wani zai zo da abin da ya fi zato.